Ranar da Muka Kai Motar Baba Jabal Auliya

Mun tashi da asuba daga gidanmu na Umbadda, a bayan garin Omdurman, ni da mahaifina, cikin tsohuwar motarsa ruwan ɗorawa. Ni ce a sitiyari. Shi yana gefena da farar jallabiya da rawani, ya ɗora hannuwa bisa gwiwa kamar baƙon da aka rage wa hanya. Mahaifiyata ta rako mu bakin ƙofa, ta miƙo fulas ɗin shayi ta taga, sannan ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, "Ko me zai ce miki, kada ki dawo mana da motar nan."

Masu bibiyata da suka san ni a Kano wataƙila ba su san nan aka haife ni ba. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare musu a Jazira, suka tsaya cirar auduga, zama ya miƙe. Mahaifina bai ɗauki auduga da daɗi ba. Tun yana saurayi ya taho Omdurman, ya yi yaron mota, ya koyi tuƙi, daga baya ya mallaki tasi tasa ta kansa. Da ita ya ciyar da mu, da ita aka kai ni makaranta, kuma a cikinta ya koya mini tuƙi duk da surutun 'yan unguwa. Aure ne ya kai ni Kano. Da na zo ganin gida wannan karon, sai na tarar idanunsa sun yi rauni ƙwarai, likita ya hana shi tuƙi. Bai yi wa likita musu ba, amma kuma bai daina ba. Ya riga ya gogi ginshiƙin ƙofar gida, an kuma ce saura kaɗan ya bi ta kan akuyar maƙwabta.

Shi da kansa ya ce zai ba da motar ga ɗan marigayi ƙaninsa, yaron da ke zaune a Jabal Auliya yana kai kifi kasuwa a motocin haya. Faɗa bai yi masa wuya ba, cikawa ce ta gagara. Yau taya ba ta da iska, gobe rana ta yi zafi, jibi akwai jana'iza. Da ranar komawata Kano ta matso, mahaifiyata ta ce in ba ni na tuƙa shi ba, babu mai iya raba shi da ita.

Jabal Auliya kudu take da mu. Amma muna hawa babban titi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Uwata, kama hanyar gadar Shambat. Bahri za mu fara zuwa." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Na tambaye shi me za mu yi a Bahri, can tsallaken kogi, ya ce juye. Na ce ai ni na san ba a daɗe da sauya mata mai ba. Ya ce, "Ba na kai wa ɗan ɗan'uwana mota da tsohon mai a cikinta." A raina na ce ga dabarar yau ta fito. Amma na juya sitiyari.

Omdurman da sassafe tana da daɗin kallo. Mata masu shayi sun hura gawayi a gindin bishiyoyi, ƙamshin zalabiya, fanken mutanen nan, yana bin iska. Amalanken jakuna ɗauke da gangunan ruwa suna tahowa a jere daga wajen unguwar Dar Salam, leburori sun tsugunna bakin titi da shebur da diga suna jiran mai ɗauka. Masu raksha, wato keken da muke ce wa napep a Kano, halinsu ɗaya ne a ƙasashen biyu: duk inda hancin keken ya shiga, sun yarda sauran jikin ma zai shiga. Daga saman gada na hango Nilu ya kwanta shiru, hayaƙin masu gasa jan bulo yana tashi daga gaɓa, gonakin bakin ruwa sun yi kore shar. Na riƙa faɗa wa Baba abin da nake gani. Shi kuwa kunnensa na kan inji. Sau da yawa kafin in kai hannu ga giya ya riga ya ce, "Sauya."

A unguwar masana'antu ta Bahri muka tsaya, a wani gareji mai rumfar kwano da rami a tsakiya. Mai wurin dattijo ne, tsohon abokin Baba, wanda a hannunsa yake sayen baƙin mai tun kafin a haife ni. Suka rungumi juna, suka bubbuga kafaɗa irin gaisuwar mutanen nan, suka shiga tambayar lafiya da Larabci kamar ba za su gama ba. Ni kuma na shiga kallon kanta. Galan-galan na mai ne jere har rufi, ja da shuɗi da ruwan toka, kowanne da lambobinsa. Da na ji farashi sai da na sake tambaya, don ya yi nisa da abin da na bari a zuwana na baya.

Na nuna wani galan mai kyan gani, irin wanda ake zuba wa sababbin motoci, na ce tunda kyauta za mu kai, me zai hana mu sa mata mafi tsada. Dattawan biyu suka yi dariya tare. Mai garejin ya bayyana mini cewa wancan man siriri ne, an yi shi don injin da komai nasa ke matse, kuma irin waɗannan motoci sai a bi abin da littafinsu ya ce. Injin Baba kuwa ya tsufa, ƙarafansa sun saki, ga zafin Khartoum da ke tsinka mai kamar ruwa. In aka zuba masa siriri, sai ya riƙa shanye shi yana fitarwa ta salansa. Mai kauri yake so, mai lamba ashirin da hamsin, wanda ya saba da shi. Baba ya ƙara da cewa, "Tsoho ba ya son a sauya masa tuwo."

Mai garejin ya sauko da galan ɗin ya miƙa wa Baba, kamar yadda suka saba. Al'adar Baba ce ba a buɗe masa mai sai ya duba hatimin murfi da lambar jiki da idonsa, ko da a hannun aboki ne, don jabun mai ya yi yawa a kasuwa, kuma mai shago ma akan cuce shi. Ya karɓa, ya shafa murfin da babban yatsa, ya kewaye shi. Ya kawo galan ɗin kusa da fuska, ya nisantar, ya juya shi wajen haske. Muna tsaye muna jira. Can sai ya miƙo mini ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Uwata, karanta mini." Na karanta masa lambar, na ce hatimi lafiya lau.

Ashe bai taɓa gaya wa abokinsa zancen idon ba. Dattijon ya dube shi, ya dube ni. Sai kawai ya tuɓe jallabiyarsa ya rataye a ƙusa, ya sallami ma'aikacin da ya zo da sifana, ya ce yau shi zai shiga rami da kansa.

Ban taɓa tsayawa na kalli juye daga farko har ƙarshe ba sai ran nan. Tunda inji ya ɗauki ɗumi a hanya, yana kwance noti sai tsohon mai ya zubo a sauƙaƙe cikin daro. Baba ya sa aka ɗebo masa kaɗan, ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina, ya sa ni ma na yi. Ya ce abin da ake nema uku ne. In ka ji tsakuwa-tsakuwa kamar yashi, ƙura ta shiga ko ƙarfe yana ci. In yana warin fetur, akwai inda fetur ke zurarewa ciki. In ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga, a nemi makanike tun kafin inji ya buga. Namu baƙi ne kawai, baƙin aiki. Aka cire tsohuwar filta. Kafin a ɗaura sabuwa, dattijon ya lakato sabon mai ya shafe robar bakinta, ya ɗaure ta da hannu, ba da ƙarfe ba. Aka kakkaɓe filtar iska, ƙurar da ta fito ta isa a shuka gyaɗa. Da aka zuba sabon mai aka tayar da inji, aka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, aka kashe, aka jira ya kwanta. Sannan Baba ya zaro sandar gejin mai da hannunsa ba tare da lalube ba, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya riƙe mini a gaban fuska. Na ce yana dab da layin sama, bai haura ba. Ya ce to, haka ake so, yawansa ma cuta ne.

Mai garejin bai bar mu mun tafi ba sai da muka karya. Aka kawo babban kwanon ful, wato dafaffen wake da aka dama da man riɗi, da farin cuku da albasa, da burodi mai ɗumi, muka kewaye shi a kan wata tsohuwar taya da aka ɗora wa faranti. Baba ya ɗanɗana ya ce mai ful ɗin ya yi rowar mai, wannan in mota ce da tuni ta buga. Da za mu tafi, dattijon ya dafa bonet. Sannan ya kira Baba da laƙabin da ake yi wa gwanayen sana'a, ya ce, "Usta, ko babu mota ka riƙa zuwa. Shayi ba ya buƙatar juye."

Muka haye tsohuwar gadar ƙarfe zuwa Khartoum, rana ta fara dukan kwano. Cunkoso ya riƙe mu a tsakiyar gari, masu tallan ruwan sanyi da tsumman goge gilashi suna ratsa tsakanin motoci. Daga nan muka miƙi hanyar kudu, ta Shajara da Kalakla. Titin yana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma ramuka ne da sai ka zaɓi wanda za ka faɗa. A bakin hanya na ga kankana an tara kamar duwatsu, da mangwaro, da masu sayar da baƙin mai a robobin ruwan sha, an jera su a rana. Na faɗa wa Baba. Ya ce yawancinsa tsohon mai ne aka tace aka sake ɗurawa, kuma ya san direbobi da yawa da arharsa ta raba su da injinsu. Bayan Kalakla gidaje suka fara sirancewa, gonaki suka buɗe, iska ta sauya, aka fara jin ƙamshin ruwa.

Injin kuwa sai tafiya yake lumui. Ko ni da ba gwana ba na ji bambanci. Baba ya jingina, yana ta ba ni labarin fasinjojin da ya ɗauka a wannan hanya: amare, masu naƙuda, da wani bawan Allah da ya shigo da rago ya ce a kujerar gaba zai zauna don ba ya jure iska.

Dab da shiga gari, dutsen Jabal Auliya ya bayyana, Baba ya ce in sauka daga kwalta ta hannun dama, akwai wani fili da ya sani kafin a kai bakin kogi. Filin yana nan, shimfiɗaɗɗe, babu kowa sai wata bishiyar ƙaya guda a can gefe. Na tsaya. Sai ya ce, "Ba ni in ɗan zagaya."

Na tuna likita, na tuna ginshiƙin ƙofa. Na kuma san in ya ji daɗin sitiyari yana iya cewa mu koma gida, an fasa, kuma ba ni da bakin da zan yi masa gardama. Na ce, "To, Yaba," kamar yadda muke kiran uba a nan. Sai na fita na zagayo, muka yi musayar kujera. Na ɗora hannuna a kan birkin hannu.

Ya tayar da ita kamar mai tashin jariri. Ya saki kuloci ba a ji ko motsi ba. Muka fara kewaya filin a hankali, tayoyi na murƙushe busasshiyar ƙasa, fuskarsa ta sake, har yana ɗan waƙa a maƙogwaro. Ya yi kewaye ɗaya, ya shiga na biyu, ya ɗan ƙara wuta. Na ga mun nufi bishiyar nan kai tsaye. Na jira ya kauce, bai kauce ba. Na ce, "Yaba, bishiya!" Ya taka birki, muka tsaya cak, inuwarta ta rufe bonet.

Ya daɗe riƙe da sitiyari. Sannan ya kashe inji ya ce, "Tun ina saurayi na san bishiyar nan. Wallahi ban gan ta ba sai da kika faɗa." Ya zare makulli ya sa mini a tafin hannu. "Mu je. Yaron nan yana jira."

Gidan ɗan baffan nawa yana kusa da madatsar ruwa, ginin jan ƙasa ne, raga-ragan kamun kifi a shanye bisa katanga. Ya fito da gudu ba takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba, Hausarsa rabi Larabci, sai ya fara magana da ɗaya ya ƙarasa da ɗaya. Matarsa ta soya mana karfasa da aka kamo da safen nan, da lemon tsami da yaji da kisra, wata siririyar gurasar dawa. Na ci kifi a wurare da dama, amma wanda bai kwana ba daban ne. Daga inda muke zaune ana jin rugugin ruwa a ƙofofin madatsa, ana hango masunta tsaye cikin kwale-kwale, fararen tsuntsaye na shawagi a kansu.

Bayan la'asar Baba ya sa aka gyara wa motar tsayuwa a wuri mai daidai, ya ce ba a auna mai a kan gangare. Ya kama hannun ɗan ƙanin nasa ya ɗora a kan sandar geji, ya bi da shi duk abin da ya nuna mini a Bahri. Ya ce ya duba kowace safiya kafin ya tayar da inji. Ya ce kada ya jira mai ya yi kauri kamar kwalta, don hanyarsu ƙura ce, kayansu nauyi ne, lokacin juye yana zuwa da wuri. Ya ce duk juye a sauya filta, kuma kada a haɗa mata mai iri biyu. Ya ce in fitilar mai ta kama a kan hanya ya tsaya nan take, ko da kifin duniya ne a bayansa. Da Baba ya tambaye shi inda zai riƙa zubar da tsohon mai, sai ɗan'uwan nawa ya nuna bayan gida, wajen kogi. Baba ya ce, "Kogin da kake ci a ciki? Tara shi a galan ka kai gareji."

Ɗan baffan nawa ya karɓi makulli da hannu biyu, idonsa ya cika. Ya ce, "Baffa, ai kasuwar kifi ta Maurada nake kai kaya, kusa da ku ne. Duk lokacin juye zan biyo in ɗauke ka mu je Bahri tare. Ni ban san muryarta ba tukuna." Baba ya ce zai duba ya gani ko yana da sarari. Duk muka yi dariya, har shi.

Ɗan baffan nawa ya so ya mayar da mu gida a cikin motar, Baba ya ƙi. Ya ce ta riga ta iso gidanta, kada a ruɗa ta. Muka je tasha muka hau hafila, ƙaramar bas ta haya, muka sami kujera biyu a tsakiya, tsakanin wata mata mai kwandon kifi da ɗalibai masu komawa birni. Kwandastan yana kaɗa yatsu yana karɓar kuɗin mota, rediyo na ta yi. Na ɗauka Baba zai shiga gyara wa direba tuƙi. Ba mu kai Kalakla ba na ji nauyi a kafaɗata. Na waiga, sai na ga rawaninsa ya karkace, bakinsa a ɗan buɗe, yana barci. Tunda nake ban taɓa ganin mahaifina yana barci a mota mai tafiya ba. Na zauna ban motsa ba, kafaɗata ta sage, na bar ta.

A wannan zaman na yi ta juya abin da tafiyar ta koya mini. Na koyi cewa ba mai mafi tsada ne mafi kyau ba, sai wanda ya dace da injin da shekarunsa da zafin ƙasarsa. Na koyi duba hatimi, da murza mai a yatsa, da goge sanda kafin a yarda da abin da ta nuna. Na kuma gane cewa zuwa Bahri ba dabarar ɓata lokaci ba ce kamar yadda na zata. Mutum ne ya riƙe abu da amana tsawon rayuwarsa, yana so ya miƙa shi a yanayin da ba zai ji kunya ba. Da na matsa masa mu wuce kai tsaye, da wataƙila motar ta isa Jabal Auliya, amma shi da bai sake ta ba.

Da muka isa Khartoum na tashe shi muka sauya mota, yana zama ya koma barcinsa. Muka haye gadar Farin Nilu rana tana faɗuwa, inda kogunan Nilu biyu ke haɗuwa ya yi jajir. Ana kiran magariba muka shigo Umbadda. Na taɓa shi a hankali na ce mun iso. Ya buɗe ido, ya gyara rawani, ya saurari hayaniyar unguwa har ya gane inda muke.

Ya ce, "Har mun zo? Ikon Allah. Shekara da shekaru ina bin hanyar nan, Uwata, babu wanda ya taɓa gaya mini tana da daɗin barci haka."